SANA'AR FIM SAI DA MAKARANTA

Wannan shi ne jawabin da wani malamin wasan kwaikwayo ya gabatar a gaban taron samari da iyayensu a Sabon Gari, Keffi. An buga shi domin amfanin 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal.



Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san irin siffar da aka saba ba shi a finafinan Kudu da yawa. Ko dai a nuna shi maigadi a bakin ƙofa da rediyo a kunne, ko mai gasa tsire wanda Turanci ke yi wa gardama, a yi dariya a watse. Wannan abu yana ci wa mutane rai, domin 'ya'yansu da aka haifa a Sabo ta Badun ko Agege suna kallo. Amma fushi ba ya canja hoto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba za a ga labarin Arewa yadda yake ba sai 'ya'yanta sun ƙware wajen tsara shi.

To, ƙwarewar nan ba baƙuwa ce a Arewa ba. Marigayi Alhaji Adamu Halilu, mutumin Garkiɗa, ya koyo aikin fim a makaranta a Landan, ya daɗe yana shirya wa gwamnati finafinan majigi na wayar da kan jama'a. A 1976 ya mai da littafin Shaihu Umar na marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, aka nuna shi a bikin FESTAC a Ikko a 1977. Bayan shekara arba'in da ɗoriya aka gyara shi, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a Jamus a 2018. A maƙwabciya Nijar kuwa, Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Aikin da aka gina a kan ilmi ba ya tsufa da wuri.

Da kaset na bidiyo ya zo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai ƙofa ta buɗe wa kowa. Haƙiƙa wannan ya samar wa dubban matasa abinci, kuma ba wanda zai raina shi. Sai dai yawancinsu a bakin aiki suka koya, yaro ya ɗauki jakar maigida har ya iya kunna kyamara. Irin wannan koyo yana kai mutum wani matsayi, sa'an nan ya tsaya.

Abin da makaranta ke ƙarawa kashi uku ne. Na farko aikin darakta, wato mai ba da umarni. Shi ke yanka labari gunduwa-gunduwa tun a takarda, ya san inda za a matso da fuskar ɗan wasa da inda za a ja baya, ya kuma san ka'idar da ke hana mai kallo rikicewa idan mutum biyu na magana. Na biyu aikin mai ɗaukar hoto. A kowace daƙiƙa hotuna 24 ne ke wucewa a fim ɗin silima, kuma kowanne haske ne ke zana shi. Ɗalibi yana koyon kafa fitila uku, babba a gaba, ƙarama mai rage inuwa, da ta baya mai raba mutum da bango, musamman yadda baƙar fata za ta fito da kyawunta. Na uku aikin mai shiryawa, wanda ke riƙe da lissafin kuɗi da ranakun aiki da takardun yarjejeniya. Sau da yawa a nan ne jarin mutane ke nutsewa.

Daɗin daɗawa, wurin koyon bai yi nisa ba. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Jos, kuma a 1995 hukumar ta buɗe Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a can, inda ake ba da difloma, da kuma digiri tare da Jami'ar Jos. Kwalejin Talabijin ta NTA ita ma a Jos take. Mutanen Keffi ba baƙi ba ne a Jos, domin a Jihar Filato suke har 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, kuma hanyar Akwanga ta sada garuruwan biyu. A nan gida ma, Jami'ar Jihar Nasarawa tana koyar da wasan kwaikwayo, wanda shi ne matakin farko.

Saura maganar iyaye. Da yawa suna jin tsoro, suna ganin harkar fim hanyar lalacewa ce. Tsoron yana da dalili, amma janye 'ya'yan kirki daga fagen ba ya gyara shi, sai dai ya bar shi ga wanda ya samu. Fataken shanu da goro da 'yan canji da Allah ya buɗa musu a Kudu suna biya wa 'ya'yansu karatun likita da lauya. Ya kamata ƙungiyoyinsu, tare da sarakunan Hausawa na can, su ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a kowace shekara zuwa Jos. Haka kuma wakilan da jama'a suka zaɓa su sa wannan fanni cikin tallafin karatu na jihohi.

Su kuma samari su sani cewa riƙe wayar hannu mai kyamara bai mai da kowa darakta ba, kamar yadda mallakar almakashi bai mai da kowa tela ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son wannan sana'a ya fara gyara takardunsa na sakandare tun yanzu.

Allah ya yi wa zuriya albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Amin.