Daɗin Da Ke Cikin Raino

 Uwargida, amarya, mai jego da ke kishingiɗe a ɗaki, da ke da kika kara rediyo a bakin murhu kina tuƙin tuwo, duk ina gaishe ku. Yaya yaran? Yaya ɗawainiya?

To, wannan gaisuwar da na yi, ki duba yadda muke amsa ta. In aka ce miki yaya yara, me kike cewa? "Suna nan suna fama da mu." "Ai ƙiriniya sai abin da ya ci gaba." "Wannan ya hana ni barci jiya." Da wuya ki ji mace ta ce, "Wallahi yau ɗana ya ba ni dariya har da hawaye." Alhali kuwa ya ba ta. Wahalar raino muna da bakin faɗarta, daɗinsa kuwa sai mu haɗiye. A kan wannan nake so mu ɗan zanta yau.

Na san dalili, ba wai ban sani ba. Akwai kunya, akwai kawaici. An tashe mu a kan cewa ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban surukai, in ya faɗi ma sai dai wata ta ɗaga shi. In sunan mahaifin maigida ya ci, sai ya koma Abba ko Baffa, mace ta koma Ummi ko Walida. Sannan akwai tsoron baki. Kowa na gudun a ce ta cika yabon ɗanta har kambun baka ya kama shi. Ni ban zo rushe kunya ba, ado ce, kuma tana hana raini a gida mai yawa. Amma kunyar nan ta tsakar gida ce. In kin shiga ɗaki kin saki labule, daga ke sai jaririnki, wa kike jin kunya? Wata sai ta ɗauki ɗaure fuskar nan ta shiga da ita har kan gado, tana ba da nono tana kallon bango.

Bari in gaya miki abin da masu binciken lafiyar yara suka gano. Jariri sabon haihuwa ba ya gani da nisa. Abin da idonsa ya fi kamawa shi ne wanda ke tsakanin santimita 20 zuwa 30 daga fuskarsa, wato kamar tsawon taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Ki auna, daga inda kansa yake in kin rungume shi yana shan nono zuwa fuskarki, kusan tazarar ke nan. Ashe an ƙera idon nan daidai da fuskar uwa. Muryarki kuma tun yana ciki yake jin ta, a watannin ƙarshe, shi ya sa in yana tsala kuka a hannun wata kika yi magana daga ƙofa sai ya ɗan saurara. Duk gidan nan, da baƙi 'yan barka da masu kawo kayan suna, ke kaɗai ya zo duniya ya riga ya sani.

Sai kuma wajen mako shida zuwa takwas, dab da kin gama wankan arba'in ko kin ɗan wuce, ranar nan kina canza masa tsumma ya dube ki ya yi murmushi. Ba irin na cikin barci ba, wanda tsofaffi ke cewa mala'iku ke masa wasa. Wannan naki ne, ke ya gani ya yi. Duk zafin ruwan da kika sha, duk daren da kika raba ido biyu, ga farkon biyan ya iso. Mata nawa ne a cikinmu suka tsaya a wannan lokacin suka ce alhamdulillahi da gangan, ba da bakin sabo ba?

Daga nan abubuwa sai su riƙa zuwa a guje. Wajen wata shida ana koya masa zama, a sa shi a baho ko kwali a tottokare da tsummoki, yana tangaɗi kamar mai jin barci. A daidai lokacin ne haƙoran farko ke leƙowa, biyu a ƙasa, kuma kafin ya cika shekara uku galibi guda 20 sun kammala. Sai rarrafe, daga nan kuma zaman lafiyar kwanukanki ya ƙare. Ki ajiye ludayi, ki same shi a bakin kwata. Wajen shekara guda ya kama bango ya miƙe, yayyensa na tafa hannu suna masa tatata, ya yi taku biyu ya zube daɓas ya dube ki, yana jira ya ga fuskarki kafin ya yanke ko kuka zai yi ko dariya. Ki lura da wannan sosai. In kin zaro ido kin dafe ƙirji, kuka zai fasa. In kin yi dariya, sai ya sake miƙewa. A fuskarki yake karanta duniya. (Ba kowane yaro ne ke bin wannan lissafi daidai ba fa, wani kan riga, wani kan yi jinkiri, kada a je ana gwada na ɗaki kaza da na ɗaki kaza.)

Gwaranci kuwa, ni a wurina babu abin da ya kai shi. Yaro ya zauna yana ba ki labari da yaren da ba wanda ya taɓa ji, har da nuni da ɗan yatsa, har da ɓata rai. Ki amsa masa, 'yar uwa. Ki ce, "Haba? Sai aka yi yaya?" Kada ki ga kamar wauta ce. Hausawa sun ce mai ɗa wawa, to wannan wautar tana da amfani. Ƙwaƙwalwar yaro tana kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba kafin ya wuce shekara biyar, kuma abin da ya fi gina ta a shekarun nan shi ne magana da wasa da wanda yake ƙauna. Ba sai an sayo abin wasa daga kanti ba. Kina tankaɗe kina gaya masa wannan gari ne, wannan rariya ce. Kina wanke-wanke kin miƙa masa murfin tukunya da cokali yana ta kiɗa. 'Yarki ta goya ɗan takalmi ko kwalba da ɗankwalinki tana jijjigawa, tana yi wa 'yar tsanarta faɗa da irin muryarki, har ki ji kalmominki sun dawo miki kin rasa inda za ki sa kanki. Ta dafa tuwon ƙasa a gwangwani ta kawo miki, ki karɓa ki yi kamar kin ci, ki ce gishiri ya ji. Da dare a shimfiɗa tabarma a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda kika yi jiya ita za su sake nema yau.

A nan nake ganin ke da ke cikin gida kina da wani rabo da ba a cika faɗa ba. Mu da aiki ke fitar da mu, sau da yawa labari ake ba mu. A dawo da yamma a ce, "Ai yau ya ce Mama." Ke kuwa a gabanki aka yi. Ban ce zaman gida ba shi da nasa nauyi ba. Akwai kaɗaici, akwai ranar da jiya da yau duk kamar ɗaya, akwai ranar da cefane bai zo ba yara na jan zani. Amma wannan kam a hannunki yake.

Kuma kada wani ya sa ki ji cewa nuna wa yaro so sangarta ce. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa cewa wanda ba ya jin ƙai, shi ma ba za a ji ƙansa ba. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan kuma taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. To ke da ɗanki ya hau bayanki kina sujada, sai ki sallame ki rufe shi da duka?

Akwai wata godiyar da muke mantawa saboda abin ba ya gabanmu. Ki tambayi kakarki agana, ta ba ki labarin shekarar da ta ratsa gari, ta nuna miki masu zanzana a fuska cikin sa'o'inta. Tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga doron ƙasa, 'ya'yanmu ko sunanta ba su sani ba. Shan inna ma, a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, bayan na ƙarshe da aka gani a Jihar Borno a 2016. Duk ranar da ɗanki ya sheƙa da gudu ya ture miki ƙullu, ki tuna ƙafafun nan biyu lafiyayyu ne kafin ki tuna ƙullun. Godiyar wannan kuwa ita ce kada a bar katin riga-kafi a ƙasan akwati, don har yanzu ana samun wani nau'in cutar a inda yara ba su samu ɗigon ba. A nemi izinin maigida a je, har allurar ƙyanda ta wata tara.

Ina sane da cewa a cikin masu saurarona akwai wadda Allah bai ba haihuwa ba tukuna, akwai wadda ta goya ta sauke a makwanci. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya share muku hawaye. Ke mai yara, in kina tare da irin wannan baiwar Allah a gida ɗaya, ki rage ƙorafin ƙiriniya a gabanta, abin da ke gundurar ki shi take roƙo a sujada. Ki miƙa mata goyo, ai ɗa na kowa ne. Sannan akwai mai jegon da za ta ji duk abin da nake faɗa ta ce ita ba ta jin komai, sai kuka, sai ƙunci, ko jaririn ba ta son ɗauka. In wannan ya wuce mako biyu, 'yar uwa, ba rashin godiya ba ne, ba kuma rashin imani ba. Larura ce da ke samun mata bayan haihuwa, likitoci sun san ta, kuma ana warkewa. Ki gaya wa maigida ko wata babba da kika yarda da ita a kai ki asibiti. Ku kuma na kusa da ita a daina yi mata gori.

Yau da daddare, in maigida ya shigo, kafin ki jero masa wa ya fasa kofi, wa ya yaga littafi, ki fara da abu ɗaya da ya ba ki dariya. Shi ma a waje ya wuni, bai ga tatatar ba, bai ci tuwon ƙasar ba. In kina iya rubutu, boko ko ajami, ki samu ɗan littafi ki riƙa ajiye irin maganganun nan nasu da kwanan wata, don wallahi mantawa ake yi. Wadda ba ta rubutu ta faɗa wa kakarsu, ita da ke kiran wannan mijinta, waccan kishiyarta. Kaka ba ta manta irin wannan, ranar auren yaron za ki ji ta tono shi a gaban jama'a.

Lokaci ya cim mana. A shafa mini kan yara, sai Allah Ya kai mu mako na gaba. Wassalamu alaikum.