Jawabin Ƙungiya Kan Rana Da Ciwon Daji Na Fata

 

Zancenmu na yau na rana ne. Likitoci sun tabbatar rana mai ƙarfi tana ƙona fata, ƙunar kuma in ta yi ta maimaituwa tana iya zama ciwon daji. Baƙar fata tana da wani sinadari, melanin, da ke kare ta. Wanda ba shi da shi, rana ba ta raga mishi.

A ƙasashen Turawa akwai wata na'ura mai fitila wadda samari da ƴan mata ke shiga don fatarsu ta yi duhu, wai ado. A 2009 masu binciken daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke kawo ciwon. A shekarar nan Birazil ta hana ta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana wa ƴan ƙasa da shekara 18 tun 2012. A Ostareliya tun 1981 aka fara kiran jama'a su sa riga da hula, su shafa man kariya. Lakkoli suka kama, har yaron da ba shi da hula ba a barin shi wasa a fili. Likita, malami da iyaye suka ɗauki aikin tare.

Mu nan, abin ya fi shafar ƴaƴanmu zabiya. Zabiyanci gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba a ɗaukar shi, ba kuma aikin iskoki ba ne. Amma da yawa daga cikinsu dajin fata ke kashe su tun da ƙuruciya.

Ga abin da muke roƙo. Iyaye, kada a aiki zabiya gona ko kiwo daga hantsi zuwa la'asar. Masu saƙar malfa su yi musu masu faɗi. Ƴan ci-rani su riƙa aiko riga mai dogon hannu, tabarau da man kariya. Malaman lakkol su zaunar da su gaba, don idonsu ba shi da ƙarfi. Mai gari da liman su hana tsangwama. Miki in ya ƙi warkewa, a kai asibiti nan da nan, asusun ƙungiya shi biya mota.

Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Mai shawara shi kawo ta ga magatakarda kafin taro mai zuwa.

Allah shi ba mu lafiya. Wassalam.