Jawabi Kan Raba Rumbun Kwamfuta Gida Biyu



An nemi mu ce wani abu kan shawarar da yaranmu ke kawo mana, wato a sa Linux a kwamfutar shago tare da Windows. Suna da hujja. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Linux kuwa, irin su Ubuntu, kyauta ne, ko kwabo ba a biya.

To, aikin kamar shago ɗaya ne a gitta katako ya zama biyu. Ana rage wa Windows fili a rumbun ajiya, a ba Linux. In an kunna kwamfuta, sai wata 'yar manhaja mai suna GRUB ta tambaye ka wanne za ka shiga.

Amma fa jama'a, cikin rumbun nan lissafinmu yake: bashin da muke bi, da kuɗin masu aiko mana kaya daga gida. Mun sani aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Don haka ga abu huɗu.

Na ɗaya, a kwafe komai a filashi, a buɗe a wata kwamfuta a tabbatar ya kwafu. Na biyu, in an kulle rumbun da BitLocker, a rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda. Na uku, a rage filin daga cikin Windows, ta Disk Management, a bar wa Ubuntu aƙalla giga 25, kuma a tabbatar akwai caji ko janareta, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ajiya na iya lalacewa. Na huɗu, wajen sa Ubuntu a zaɓi zama tare da Windows. Zaɓin goge rumbu gaba ɗaya yana kusa da shi, wanda ya danna shi kuwa ya yi sallama da lissafinsa.

Ko mai gyara za a kai wa, mu kwafe da hannunmu tukuna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.