Saran maciji: abin da mazauna Zongo ya kamata su sani kafin su hau hanyar arewa



A nan Lomé, in aka ce maciji, mesa ce ke fara zuwa ran mutane. Ba mamaki, domin Togo da Benin da Gana su ne kan gaba wajen fitar da 'yar ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa zuwa Turai da Amurka, inda ake ajiye ta a gida. Amma mesa ba ta da dafi. Wadda ke kashe mutanenmu ita ce kububuwa, wadda tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya da rabi ba, ga launinta ya saje da ƙasa. Ta fi yawa a ƙasar ciyayi, wajen Sokodé, Kara, Mango har Dapaong, wato inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sayen shanu, doya da gawayi.

Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma ba ya gaggawa. Mutum zai ga kumburi kawai, ya ce da sauƙi, a kai shi wurin mai magani, a tsaga wurin, a manna baƙin dutse. Kwana ɗaya ko biyu sai dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, tsagar da aka yi ta ƙi tsayawa. Ba na raina masu maganin gargajiya, sai dai a sani cewa ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi a ciki ba. Irin waɗannan su ke warkewa da kansu, sunan magani ya fita. A asibiti gwajin ba wuya: a zuba jinin mutum a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ake bukata.

To, wace allura? Nan gizo ke saƙar. A 2014 kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, wadda likitoci suka amince da ita, ragowar kuma ta lalace a 2016. Tun kafin haka an ga abin da arha ke jawowa: a wani asibiti da ke Yeji a Gana, da aka koma wata allura ta Indiya, mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kusan 12, domin da dafin macizan Indiya aka haɗa ta. Najeriya ta bi wata hanya. Aka kama macizan ƙasar, aka haɗa EchiTAb da dafinsu a Birtaniya da Kosta Rika, aka gwada ta a Kaltungo ta Jihar Gombe, tare da masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Ƙiyasinta, mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara, kuma tana son a rage rabi kafin 2030.

A cikin gari ma ba a tsira ba, musamman da damina, sa'ad da ruwa ke koro macizai daga kwarin kogin Zio zuwa kangwaye da tarin bulo. In gamsheƙa ta tofa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. In sara ne, a cire zobe da awarwaro, kada a ɗaure, kada a tsotsa, kada a bar shi ya taka. A ɗauke shi zuwa asibiti.

Shawarata ga sarakunan Zongo da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan shanu: a tura wakilai asibitocin da ke kan hanyar Lomé zuwa Cinkassé, a tambayi wane ne ke ajiye allurar, wace iri ce, nawa ne kuɗinta. A rubuta, a liƙa a tasha da ƙofar masallaci kafin damina ta faɗi.