Ajin Motsa Jiki Na Mata: Jawabi a Taron Iyaye

 

Iyayenmu malamai, Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, iyaye mata da 'yan'uwa, barkanku da zuwa. Shugabannin ƙungiya ne suka ce in tashi in yi bayanin ajin motsa jikin da muke yi wa mata, domin magana ta yi yawa a kansa, wata a gabana, wata a bayan idona. Gara in faɗi komai a nan kowa ya ji.

Yawancinku a kasuwa kuka san ni, a kan kujerar saida atamfa. Shekara ashirin da wani abu ina zaune a kanta, ina ɗaga dila ina saukewa, har bayana ya riƙe, ruku'u ya zama sai da dabara. A asibiti aka koya mini wasu motsi na kwance, aka ce daga Pilates aka ɗauko su. Mu nan filatis muke cewa. Da na ji sauƙi sai na biya kuɗi na shiga horo na watanni, na karɓi takarda, sannan na fara koyarwa. Ina jaddada takardar ne saboda na ga yara suna kallon bidiyo a waya sau biyu su tara tsofaffi.

Wasu iyaye sun tambaye ni ko abin nan bautar wasu ce aka shigo mana da ita. Tambaya ce mai kyau. Pilates sunan mutum ne, Joseph Pilates, Bajamushe, an haife shi a 1883. Yaƙin duniya na farko ya same shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa, a can ya riƙa horar da waɗanda suke tsare. Daga baya ya buɗe wurin koyarwa a New York, ya rasu a 1967. Abin da ya bari motsi ne na ƙarfafa ciki da baya da ƙugu tare da daidaita numfashi. Babu kalmar da ake maimaitawa, babu wanda ake rusuna wa. A ajinmu mata ne zalla, da labule, ba kiɗa, kowa da suturarta. Malamai kuma sun fi ni sanin cewa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin tseren gudu da suka yi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Yanzu in faɗi kuskurena. Watan farko na ɗauki mata sun fi ashirin a ɗaki ɗaya, ina murna wai aji ya cika. Akwai wani motsi da ake kwanciya rigingine, a ɗaga kai da kafaɗu, a riƙa kaɗa hannuwa har ɗari. Ina can gaba ina ƙirga, ashe wata uwa a baya ta riƙe numfashinta tana jan wuyanta da ƙarfi. Da ta tashi jiri ya kwashe ta. Tana da hawan jini, ni kuwa ban taɓa tambayarta ba. Allah Ya kiyaye, amma kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Tun daga ranar mutum takwas nake ɗauka, iyakar waɗanda idona zai iya bi ke nan. Kuma kafin mace ta taka shimfiɗa sai mun zauna mu biyu. Akwai hawan jini? Ciwon suga? An taɓa yi miki aiki? Kina da ciki, ko ba ki daɗe da haihuwa ba? Likita ya taɓa cewa ƙashinki ya yi rauni? Mai raunin ƙashi ba na bari ta lanƙwasa bayanta gaba da ƙarfi, sai in ba ta wani motsin. Mai ciwon gwiwa a kan kujera take yin nata. Wadda amsarta ta ɗaure mini kai, sai ta je asibiti ta dawo da izini. Iyaye mata, don Allah kada ku ɓoye mini ciwo saboda kunya. Abin da kuka faɗa a ɗakin nan ba ya bi na kasuwa.

Koyarwar kanta na gane ba nuna gwaninta ba ce. Da farko ni nake yin motsin suna kallona, su ji sun kasa. Yanzu nakan zagaya tsakaninsu ina magana. Turancin da na koyo a horo bai yi mini amfani ba. In na ce “ja cikinki kamar za ki ɗaura zani ya kama,” nan take kowa ta gane. In na ce “busa iska a hankali kamar kina hura gawayi,” babu mai riƙe numfashi. Kuma ba na taɓa jikin kowa sai na nemi izini.

Sai kuɗi. Da muna yi kyauta, yau a zo, gobe a tafi suna. Da muka sa ɗan kuɗin wata sai zuwa ya daidaita. A ciki ake biyan ɗaki da wuta, a sayi shimfiɗar roba mai kauri, domin tabarma a kan siminti cin ƙashin baya take yi. Ni ba na ɗaukar ko sidi ɗaya. Littafin yana wurin ma'aji, mai so ya duba. Zawarawa da marasa hali ƙungiya ke biya musu, kuma ko maƙwabciyarsu a aji ba ta sani.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai kwanan baya. Wata ta ji jikinta ya yi sauƙi ta ajiye maganin hawan jininta. Wannan aji ba ya maye gurbin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da motsin da ke hana faɗuwa kwana uku a mako. Awa biyun da muke yi ba su cika wannan ba, sai an haɗa da tafiya a ƙafa.

Iyayenmu maza, roƙona biyu ne. Ku bar matanku su zo, awa ɗaya ce bayan hantsi, Talata da Alhamis, kafin azahar sun koma gida. Na biyu, ina ganin yadda sahun kujeru ke ƙaruwa a masallatai. Sallah a zaune ga mai uzuri halal ce, amma na san da yawanku kuna kewar kai goshi ƙasa. Wata cikin ɗalibaina ta koma yin sujada bayan wata shida, wata kuma har yau a kujera take, sai dai yanzu tana tashi ba tare da an kama ta ba. Ni ba zan koyar da maza ba. Ku zaɓo mana saurayi ɗaya mai natsuwa da haƙuri da tsofaffi, shugabanni sun yarda za a biya masa kuɗin horo. Wanda yake da irin wannan yaro ya ga sakatare kafin a watse.