WANE KWAS, WACE MAKARANTA? MU ZAUNA DA 'YA'YANMU KAFIN A CIKA FOM

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa a Darini, ƙaramar hukumar Batsari

An ce in yi magana a kan yadda yaro zai zaɓi makaranta da kwas idan yana son aikin injiniya, ko aikin asibiti, ko ilimin gudanarwa da harkar kuɗi. Ni malamin makaranta ne, saboda haka abin da na gani a aji shi zan faɗa.

Bari in fara da labarin wani yaro da na koyar. Yana da ƙoƙari, musamman a Lissafi. Mahaifinsa ya ƙudurta sai ya zama likita. Sau uku yana rubuta jarrabawar JAMB, kowane lokaci likitanci yake cikawa, kowane lokaci makinsa ba ya kaiwa. A shekara ta uku sai da aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa domin kuɗin fom da na darasi da na mota. Makin da ya samu tun a karon farko ya isa ya ba shi gurbi a wani kwas ɗin, amma babu wanda ya zauna da shi ya nuna masa. Wata yarinya 'yar ajinsu ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, kafin shi ya haƙura ya sauya shawara ita ta kusa gamawa. Uban nan ƙaunar ɗansa yake yi, rashin sanin hanya ne ya ci masa shekara uku da sa guda.

Na farko: zaɓi yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da yaro ya shiga aji huɗu aka raba 'yan kimiyya da 'yan kasuwanci, ranar aka fara zaɓen kwas. Mai son likitanci yana bukatar kiredit a darussa 5 a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna so a same su a zama ɗaya. A JAMB zai rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya zai rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son akanta ko gudanar da kasuwanci zai rubuta Turanci, Lissafi, ilimin Tattalin Arziki da wani darasi guda na ɓangarensa. Yaron da ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, ko makinsa ya yi yawa ba za a ɗauke shi ba.

Duka makin JAMB 400 ne. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin maki na jami'o'i, 140 na kwalejojin aikin jinya, 100 na kwalejojin kimiyya da fasaha. Kada wannan ya ruɗe mu. Wannan maki na tsayawa a bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'auni na kowane kwas, kuma na likitanci yana can sama nesa.

Na biyu: aikin asibiti

Karatun likita shekara 6 ne, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekara 1 ta bautar ƙasa. Shekara 8 ke nan idan babu yajin aiki, kuma mun tuna a 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 ba sa shiga aji, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Dalilin da ya sa gurbin yake wuya shi ne hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta yaye, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da asibitinta a Shika, Jami'ar Bayero tana da Asibitin Malam Aminu Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da nata a Sakkwato. Akwai kuma Jami'ar Bingham ta ECWA da aka kafa a 2005, tana Karu, asibitin koyarwarta yana Jos, sai dai mai zaman kanta ce, kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu.

Amma 'yan'uwa, asibiti ba likita kaɗai yake da shi ba. Akwai masu aikin jinya, da ungozoma, da masu haɗa magunguna, da masu gwajin jini, da masu ɗaukar hoton ƙashi, da jami'an lafiyar al'umma. A jiharmu akwai makarantar aikin jinya a Katsina, ta ungozoma a Malumfashi, da makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura. Ku tambayi kanku: idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare a ƙauyukanmu, a lokacin da ba a iya bin hanya saboda tsoro, wa ake nema? Ungozomar da ke zaune a cikin garin. Kada mu raina wannan karatu.

Na uku: aikin injiniya

Digirin injiniya shekara 5 ne, a ciki akwai watannin da ɗalibi zai fita koyon aiki a ma'aikata. Rassansa suna da yawa: hanyoyi da gine-gine, injuna, lantarki, aikin gona, albarkatun ruwa. Tushensu duka Lissafi ne. Yaron da yake gudun Lissafi a sakandare, kada a tura shi nan saboda sunan "Injiniya" yana da daɗin kira.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Hassan Usman Katsina, ko ta Tarayya da ke Daura, ko ta Kaduna. Ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita aiki shekara 1, a koma babbar difloma shekara 2. Gaskiya ce har yanzu wasu ma'aikatu suna fifita digiri, kuma hukumar injiniyoyi ta COREN tana yi wa mai digiri da mai babbar difloma rajista a matakai daban. Amma wanda ya fita da sakamako mai kyau a ƙaramar difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, kuma yana da sana'a a hannu. Dubi abin da ke kewaye da mu: famfunan burtsatse da suka lalace, sola da kowa yake sakawa, injin ban ruwa na masu noman rani, madatsun ruwa na Zobe da Jibiya, da rogon da muke nomawa muna sayarwa ɗanye. Duka waɗannan aiki ne da ke jiran mai ilimin hannu.

Na huɗu: gudanarwa da harkar kuɗi

Akanta, gudanar da kasuwanci, harkar banki da gudanar da mulki shekara 4 ne. Sun fi sauƙin samun gurbi, kuma ana samun irinsu kusa da gida, a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006. A Zariya, harabar Kongo ta daɗe da suna a wannan fanni. Sai dai masu irin wannan takarda suna da yawa a kasuwar neman aiki. Abin da ke bambanta mutum shi ne abin da ya ƙara a kai: iya aiki da kwamfuta, da jarrabawar ƙwarewa ta ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN. Yaron da tun yana ƙarami shi ke riƙe wa mahaifiyarsa lissafin kuɗin adashe ba a taɓa samun kuskure ba, ku dube shi da kyau.

Na biyar: a bincika ko an amince da kwas ɗin

Makaranta tana iya zama da izini amma wani kwas a cikinta ba shi da shi. Hukumar NUC ce ke duba jami'o'i, NBTE mai hedikwata a Kaduna ke duba kwalejojin fasaha, sannan MDCN da COREN da hukumar masu jinya da ungozoma kowace tana duba nata fanni. Wanda ya yi karatun jinya a inda ba a amince ba, ba zai sami lasisin aiki ba, kuɗi da shekaru sun tafi. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin da ake kawowa daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako 6. Mun kuma ga yadda yaƙi ya koro ɗalibanmu daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023. Duk wanda ya zo muku da maganar makaranta mai sauri, ko ya ce ku kawo kuɗi ya samo gurbi, ku yi hattara. Tun 2017 gurbin gaskiya ta shafin JAMB mai suna CAPS yake fitowa, yaro ya gan shi da sunansa ya danna ya karɓa.

Na shida: a yi lissafin kuɗi har ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin iyaye kuɗin shekarar farko suke lissafawa. A haɗa da ɗaki, abinci, littattafai da kuɗin mota, a ninka da yawan shekarun. Mun san halin da rashin tsaro ya jefa noma a yankin dajin Rugu, rumbun da yake ɗaukar karatun yara biyu a da, yanzu da ƙyar yake ciyar da gida. Tun 2024 akwai asusun lamuni na ɗalibai, NELFUND, na masu karatu a makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa, kuma ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa. Bashi ne, a shiga da sani. A kuma nemi tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha.

Na bakwai: takardu

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a NIN, da WAEC, da JAMB, da takardar haihuwa. Yaro yana da sunan gida da sunan da aka sa masa a makaranta, a tsayar da tsari ɗaya. A nemi takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma tun da wuri, domin tana da amfani: jami'o'in Tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankinsu, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Wanda makinsa ya gaza, akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, ya fi zaman gida.

Roƙona

Iyaye, ku tambayi malamin yaro inda ƙarfinsa yake kafin ku yanke hukunci, kuma a ba 'ya'ya mata dama daidai da maza. Matasa, kada ku bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa muku kwas, ku je da shawararku a rubuce, ku karanta littafin JAMB kafin ku cika. Jami'o'i suna fara duba wanda ya sa su a zaɓi na farko, saboda haka ku sa inda makinku zai kai. Dattawa, ina roƙo kowace ikkilisiya ta ware mutum biyu ko uku masu ilimi su zauna da 'yan aji uku da 'yan aji shida sau ɗaya a shekara, kafin a fara sayar da fom. 'Ya'yanmu da ke aiki a Katsina da Zariya da Kano, a kira su su zo su faɗi abin da suka gani. Matambayi ba ya ɓata.

Yaron da na ba ku labarinsa ya shiga kwalejin fasaha daga baya, yanzu yana haɗa wa mutane sola, ya kuma mayar wa mahaifinsa da san da aka sayar. Da an zauna da shi tun farko, da bai yi asarar shekara uku ba.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.