Takalman Faris: Yadda Jama'a Ke Tura Gwamnatoci a Kan Sauyin Yanayi



Ranar 29 ga Nuwamba, 2015, an wayi gari a wani babban dandali na birnin Faris da dubban takalma a jere, babu masu su. Makonni biyu kafin nan 'yan bindiga sun kashe mutum 130 a birnin, gwamnati ta hana tattaki. Waɗanda suka yi shirin fitowa su matsa wa shugabannin duniya lamba a kan sauyin yanayi sai suka aiko takalmansu: na jarirai, na tsofaffi, wasu da 'yar takarda a ciki, har da na Paparoma Francis da na babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon. Ranar 12 ga Disamba aka cim ma Yarjejeniyar Faris.

Kafin a kai ga wannan rana an sha wuya. An ƙulla yarjejeniyar Kyoto a 1997, amma Amurka ta ƙi tabbatar da ita. A 2009 aka taru a Kwapanhegan da dogon buri, aka tashi baram-baram, sai alkawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe masu tasowa daga 2020, wanda bai cika ba sai 2022. A wannan shekara ta 2009 ne shugaban tsibiran Maldibs, Mohamed Nasheed, ya sa ministocinsa suka ɗaura kayan nutso suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin teku, domin duniya ta ga inda ƙasarsu ta dosa. A Satumban 2014 fiye da mutum 300,000 suka cika titunan birnin New York suna tattaki a kan sauyin yanayi. Wanda ke neman ƙuri'a ba ya kau da kai daga taro irin wannan. Kuma nacin ƙananan tsibirai ne ya shigar da burin tsayar da ɗumamar duniya a digiri 1.5 cikin takardar Faris, bayan manyan ƙasashe sun gamsu da digiri 2.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun asara da ɓarna. Tun 1991 ƙasar Banuwatu ta ce a kafa hanyar biyan waɗanda teku zai cinye wa gida. Shekara 31 ana yi mata kunnen uwar shegu. Sai a 2022, bayan ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Fakistan, ƙasashe masu tasowa suka kafe a taron Sharm el-Sheikh na Masar, ƙungiyoyin farar hula na mara musu baya, har aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna. A daminar 2022 ɗin ce ruwa ya ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, ya raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu. Da aka zo zuba kuɗi a Dubai a 2023, abin da aka yi alkawari bai wuce kimanin dala miliyan 700 ba. Wallahi cikin cokali ne, amma ko shi ba a same shi a ruwan sanyi ba.

To, ina muryarmu a cikin wannan hayaniya? Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Amma na ga kawuna ya shuka gero bayan ruwan farko, ya tsiro, sama ta ɗauke kwana da kwanaki, ya tsuguna yana murza busasshen tsiro a tafin hannunsa, ya koma kasuwa sayen wani iri. Mutanen Maiduguri kuwa ba za su manta daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ba. Waɗannan mutane suna da hujjar da ta fi ta kowane mai kwali a New York, sai dai ba kowannensu ne aka faɗa wa da harshensa cewa akwai asusun da aka kafa dominsu ba.

Najeriya da Nijar duk sun sa hannu a Yarjejeniyar Faris, Najeriya kuma ta yi dokar sauyin yanayi a 2021. Ina roƙon malamanmu su fassara waɗannan takardu zuwa Hausa, 'yan jarida su karanta su a rediyo, ku kuma ɗalibai ku ɗauke su zuwa ga ɗan majalisar mazaɓarku, ku tambaye shi nawa aka nema daga asusun, nawa ya shigo, kuma wane ƙauye ya gani a ƙasa.